Laminu da Tsuntsayen Shinkafar Saga

Shekarar da damina ta ƙi, muna zaune a Saga, cikin wani gidan haya na laka, ba nisa da gonakin shinkafa na bakin kogi. Babanmu mushe ne a lakwal, wato malamin makarantar boko, daga wajen Maradi aka turo shi. Ni ina 'yar ƙaramin aji, ƙanena Laminu kuwa bai daɗe da yaye ba. Ya iya gudu, amma magana sai kalma ɗai-ɗai. Kakarmu ta wajen uba, wadda muke kira Dada, ta zo mana daga ƙauye bayan geronta ya bushe tsaye bai fid da kai ba. Tun zuwanta, da an ci tuwo sai ta ƙara kara a murhu, ta miƙe ƙafa, ta ba mu tatsuniya.

Ba a daɗe ba, wata safiya mota ta tsaya ƙofar gida. Wasu mutane cikin kaki suka shigo har tsakar gida, suka ce Baba ya zo ya amsa tambaya. Zamanin soja ne, ba a neman dalili. Ya sa takalmi ya bi su, kununsa bai gama sha ba. Daga ranar Mama ta sa sakata. Ni daga lakwal sai gida. Laminu kuwa ko zaure ba ya leƙawa. Tatsuniya ma ta tsaya.

Ba wanda ya zaunu a gidan nan. Mama ta share tsakar gida ta sake sharewa, in ta ji ƙarar mota sai ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Laminu ya wuni yana dukan ƙyaure da tafin hannu yana cewa, "Waje! Waje!" Ya ƙi fura, ya ƙi tuwo, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Dada ta fi kowa. Lokacin girbi ne, lokacin da hannunta ya saba da yankan gero, ga shi babu abin yanka. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa sama ta katanga, ta dawo.

Wata rana Mama ta tafi unguwar Maourey wurin wani ɗan garinsu, ko ya ji labarin inda aka kai Baba. Tana fita Dada ta gyara ɗaurin zane, ta dubi Laminu.

"Maigidana, tashi ka kai ni gona. Wane irin miji ne kai, kullum cikin ɗaki?"

Na ce, "Dada, Mama ta hana."

"Na ji lokacin da ta hana. Ɗebo masa ruwa a gora ki biyo mu."

Ta goya shi har bakin gonaki, sannan ta sauke shi a kan kunya. Kogi ya ja baya sosai, yashi ya fito fari a tsakiyarsa, amma inda inji ke ba da ruwa shinkafa ta nuna. Ƙafar Laminu na taɓa laka ya tsaya, ya dubi yatsunsa, ya dubi Dada. Sai ya fara tattaka, yana dariya irin wadda na manta yana da ita.

Dada ba ta da wani abin wasa, duk abin da ta gani a ƙasa shi ne. Ta kama fara ta sa masa a tafi, ta tashi, ya bi ta har ya faɗi. Ta tara busassun ganye ta ce ya taka ya ji ƙara. Ta murza laka ta yi masa saniya, ta yi mata ƙaho da tsinke. Matan da ke aiki suka ce mata "Fofo!", wato sannu, ita ba ta jin Zabarmanci, ta amsa musu da Hausa, suka yi ta dariya ba wadda ta gane wata. Ɗaya cikinsu ta miƙa wa Laminu igiyar da aka rataya wa gwangwanaye don korar tsuntsaye. Ya ja. Gwangwanaye suka yi kuka, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya kamar hayaƙi. Ya saki igiya ya bi su da gudu, hannu sama, yana ihu.

Sai dab da magariba muka dawo. Mun tarar da Mama a bakin ƙofa, mayafinta ya zame, ta gama zagaye unguwa tana nemanmu. Ta fizge Laminu ta rungume, lakar jikinsa duk ta ɓata mata riga.

"Dada, da kashe ni kuka yi da ya fi mini sauƙi."

Dada ta wuce ciki. A daren nan Laminu ya ci tuwo da hannu biyu. Mama tana kallonsa, sai ta koma bakin ƙofar ɗaki ta ba mu baya. Sai na ga Dada ta jawo kara ta tura a murhu.

"Ga wata nan tana sallama," in ji ta.

Na ce, "Ta shigo mu ji ta."

Ta ce wai an yi wata zabuwa mai 'ya'ya da yawa, shirwa ta yi ta ɗauka har saura ɗaya. Zabuwa ta rantse wannan kam ba za a ɗauka ba. Ta samo tsohon tulu ta sa shi ciki, ta rufe da faifai. Kullum ita ke fita ta tsinto masa tsaba. Yana jin sa'o'insa suna tono a waje, yana kuka, tana cewa ya yi haƙuri. Ana nan aka yi shekarar yunwa, ƙasa ta bushe, zabi suka ce za su yi ƙaura bakin kogi. Zabuwa ta buɗe tulu ta ce, "Fito mu tafi." Ya fito, ya taka ɗaya, ya zube. Ƙafafunsa ba su san ƙasa ba. Ga 'yan'uwa sun yi nisa, ga rana tana yi.

Nan Dada ta shiga gyara wuta.

Na ce, "Sai me ya faru?"

"Ni ma nan na tsaya. Ƙafata ta gaji, bakina ya gaji."

Sai muryar Mama ta fito daga bakin ƙofa. "Kuna maganar shirwa kamar wasa. Ai ɗanku ta ɗauka."

Dada ta ce, "Na sani, 'yar nan. Ni na haife shi. Kuma ba a gona aka ɗauke shi ba. A nan yake zaune, inda nake zaune."

Na ji Mama tana jan hanci, Laminu ya yi barci a cinyar Dada, saniyar laka a hannunsa, ƙaho ɗaya ya karye.

Washegari da la'asar Laminu ya nufi ƙyaure. Mama ta tsaya a kansa, har na ɗauka za ta maido shi. Sai ta ɗauki mayafi ta ce mini, "Ɗebo ruwan." Muka fita mu huɗu. Tana tafe tana waiwaye, ba ta bar shi ya yi nisa da hannunta ba. Amma da ya ja igiya tsuntsaye suka tashi, na ga haƙoranta. Haka muka yi ta zuwa har aka gama yankan shinkafa, aka bar kututture, awaki suka shiga. Laminu ya yi ƙiba, ya iya cewa "fara", ya iya cewa "fofo".

Baba ya dawo bayan sanyi ya wuce, a rame, ba a taɓa gaya masa laifinsa ba. Laminu bai gane shi ba, ya ɓuya bayan Dada. Sai da aka kwana biyu ya yarda ya riƙe masa yatsa.

Na daɗe ina ɗauka Dada ce ta ci nasara a daren nan, Mama ta gane kuskurenta. Sai da na haihu, na san yadda zuciya ke bugawa in yaro ya ɓace wa ido, sannan na tambayi Mama, ta riga ta tsufa. Na ce ashe tatsuniyar nan ce ta cire mata tsoro?

Ta yi dariya. "Wane tsoro ta cire? Duk ranar da muka fita, sai na ji kamar ba za mu dawo mu tarar da gidan ba. Tsoron bai je ko'ina ba, 'yata. Goya shi na yi, na fita da shi."