Ba Wanda Ya Ce In Daina Ɗigawa

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a shafin nan ba. Ɗalibaina da ke tambaya ko na bar koyarwa ne, ban bari ba. Jinyar ido na yi, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Da yawa sun ɗauka aikin ido na leza kamar cire haƙori ne: ka kwanta, a haska, ka tashi ka yar da tabarau, shi ke nan. Ni ma haka aka tallata mini shi.

Tun ina firamare nake sa tabarau. Ranar da muka gudo daga Mubi, shekarar da 'yan bindiga suka shiga garin, ya faɗi a daji aka taka shi. Har muka iso Jimeta ina riƙe da bakin zanin yayata, Adda Maimuna, ba na bambance mutum da kututture. Tun ranar na ƙudura sai na rabu da shi.

Bara na kwashi adashena, na sayar da ɗan filina na Ngurore, na tafi wani asibitin kuɗi a Abuja. Aikin kansa nan da nan aka gama, warin ƙonewar gashi kawai na ji. Kwanakin farko kamar an zuba mini yashi da barkono. Daga baya duniya ta washe. Na karanta lambar mota daga tsallaken titi, na fashe da kuka.

Da za a sallame ni, wata ma'aikaciya ta miƙo mini ledar magungunan ɗigawa a ido tana danna waya.

"Mai jan murfin nan, safe, rana, dare."

Iyakar bayanin ke nan. Ba ta ce na mako nawa ba. Likita kuwa ya riga ya shige da na bayana.

Kun san yadda muke yi a garin nan. Magani ya ƙare, a ɗauki kwalba a kai kemis a ce "irin wannan". Adda ce ta kai mini kemis ɗin layinmu na Nassarawo. Ta dawo tana dariya, wai mai kemis ya ce, "Biyu ko uku, Hajiya? Yana tafiya fa, amare na saye don ido ya yi fari."

Duk da haka na ɗauki hoton kwalbar na tura wa asibitin. Na rubuta: in ci gaba?

Hoton babban yatsa suka turo mini. Mutanen da suka cinye filina, amsarsu ke nan.

Na ci gaba. Zafin Yola yana busar da ido, maganin kuma yana sanyaya shi. Wata ya bi wata. Ciwon kai ya fara, na ce alli ne da surutun yara.

Rannan Madam Rifkatu, malamar da muke raba aji ɗaya, ta tsaya a ƙofa ina tsakiyar darasi.

"Malama, me Godiya ta yi miki? Tun ɗazu hannunta a sama, kin ƙi kiranta. Jiya ma kuka ta yi mini, wai kin tsane ta."

"Wace Godiya? Ba wanda ya ɗaga hannu."

"Juya kanki."

Na juya hagu. Ga yarinya a layin taga, hannu a sama, ta tallafe shi da ɗayan don gajiya. Layin gaba ɗaya ya ɓace mini ban sani ba.

Madam Rifkatu ba ta bari na gama darasin ba. Ta tsayar da keke, muka wuce asibitin gwamnati.

Likitan ido ya auna, ya sake aunawa. Ya ɗaga kwalbar.

"Wa ya ce ki ci gaba da wannan?"

"Wa ya ce in daina?"

Ya ajiye kwalbar. Sannan ya ce magani ne na 'yan makonni, ana rage shi a hankali har a bari. In aka daɗe a kai, yana jawo wa wasu hawan jinin ido, ya ci jijiyar gani daga gefe. "Abin da ya ci ba ya dawowa, Malama. Abin da ya rage za mu kare."

Aka sa kaina cikin wata na'ura mai kama da ƙwarya, aka ce in danna duk lokacin da na ga ɗigon haske. Da aka zo idon hagu na yi ta jira. Na ɗauka na'urar ce ta lalace.

Na kira Abuja. Wata murya mai sanyi ta ce, "Ai aikinmu ya yi kyau, madam. Ba kina gani ba tabarau ba?"

Kalma ɗaya ce ta gagare su. Daina. Sun iya kirana sau ba adadi kafin in biya.

Likitan nan ya janye ni daga maganin sannu a hankali, ya ɗora ni a kan wani. Alhamdulillahi, awo ya sauka. Idon dama ya tsira. Na hagu ya rasa gefensa har abada. Na koma aji, na kira Godiya a gaban kowa na gaya mata ba tsana ba ce, ciwo ne. Yanzu kai nake juyawa kamar fanka, yara har kwaikwayona suke yi.

Adda ta yi ta cewa laifinta ne, ita ta kai kwalbar. Na ce, "Adda, ke kika kai, su suka yi shiru." Useko, Adda, godiya ce da Fillanci. Na gode, Madam Rifkatu. Likita, Allah Ya saka da alheri.

Ban ce kada ku yi leza ba, ƙannena. Amma kada ku bar asibiti sai an gaya muku ranar daina kowane magani, da wanda zai riƙa duba ku a nan gida. Maganin ido kuma ba a sayensa da tsohuwar kwalba.

Yanzu ajiye wayar. Rufe ido ɗaya da tafin hannu, kafa ɗayan a kan ƙofa. Miƙa ɗaya hannun gefe, kaɗa yatsu, matso da shi a hankali har ka hango shi. Canja ido. In wani ɓangaren ya makara, kada ka je kemis, je wurin likitan ido.