Faten Wake A Bakin Dam

Zan iya manta ranar da aka kai ni ɗakin miji, amma yammacin da na dafa faten wake a bakin dam ba zai fita daga raina ba sai ranar da ƙasa ta rufe idona. Shekara takwas ke nan, har yau in ƙamshin faten wake ya taso daga gidan maƙwabta, tashi nake in rufe taga.

Ni 'yar birni ce, a Kano aka haife ni, can na tashi. Mijina kuwa ɗan wani ƙauye ne kusa da Gude. Danginsa makiyaya ne da suka ajiye sanda suka kama fartanya. Shanun sun ragu, amma kunyar tana nan yadda kakanni suka bar ta. Shekarata goma a gidan, maganar da ta taɓa haɗa ni da surukina, wanda kowa ke kira Baba, ba ta wuce gaisuwa ba. In durƙusa daga nesa in gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. In zai shigo inda nake sai ya yi gyaran murya, ni kuma in kauce. Duk abin da zan gaya masa sai ya bi ta bakin Inna, matarsa, ko ta bakin maigidana. A lokacin har alfahari nake da hakan, don Inna takan ce duk cikin surukanta 'yar birnin nan ta fi su sanin ya kamata.

Maigidana ne ya kawo shawarar fitar. An tura shi kwas Legas, ya ga yadda mutane ke kwasar iyali su tafi bakin teku su wuni, ya dawo ya hana mu sakat da labari. Ya ce mu ma ai muna da tekunmu na talaka. Da bazara ruwan dam ɗin da ke bayan garinsu yakan ja baya ya bar farin rairayi, ga kuma lambun Baba a gefe, da babbar bishiyar mangwaro da wani ɗakin ƙasa guda da ake ajiye kayan aiki. Yara na hutun makaranta, sai aka tsayar da kwana uku. A tafi da hantsi a motar ɗaukar kaya, a wuni, a ci abincin yamma a can, a dawo gida da magariba. Da manya da yara mun kai talatin.

Babu wanda ya ba ni girki, ni na ƙwace shi. A lokacin kaina ya ɗau zafi da maganar abinci mai gina jiki, kullum ina cikin waya ina karatu, ina yi wa mutane wa'azin gishiri da mai. Baba na fama da ciwon suga da hawan jini, sai na ce wannan karon zan nuna musu ana iya ciyar da taro ba tare da an soya komai ba, kuma a tukunya ɗaya, kowa ya huta. Ranar farko na sa aka sayo kifi wurin masunta, muka gasa a kan gawayi, na yi kwaɗon zogale cikin babban baho, aka dafa dankali. Inna ta leƙa ta taɓe baki ta ce, “Yau kuma abincin asibiti za mu ci?” Sai ga shi ita ce ta fara neman ƙari. Da za mu tafi maigidana ya zo yana dariya ya ce Baba ya ce a gaya wa uwar amarya Allah ya yi mata albarka. Ranar ko ƙasa ban ji ina takawa ba.

Amaryar tasa ita ce 'yata ta tsakiya, lokacin shekarunta huɗu. Wasan jika da kaka ya haɗa su, ya ce ita ce amaryarsa, ita kuma ta ce ba ta son tsoho mai furfura. Duk da haka ba ta cin abinci sai a akushinsa. Ni kuma na kafa doka cewa saboda maganinsa, da an idar da la'asar za a fara zuba masa, kusan awa guda kafin kowa. Dokata ce, ni na kafa ta da bakina.

Rana ta biyu labari ya kai wa 'yan uwa na Unguwar Tudu da na Sabon Birni, sai ga su a mota biyu ba sanarwa. Ni kuwa faten wake da alayyahu na shirya, waken da na zo da shi na mutum talatin ne, ga mu mun haura hamsin. Ina tsaye ina jan tsaki, sai ƙanwar mijina ta ce, “Yaya, ai akwai wake a ɗakin lambu, shi ake dafa wa masu ban ruwa. Shiga ki ɗebo.” Ta faɗa ta wuce, don duk matan sun gangara bakin ruwa da Inna, mazan kuma sun tafi kallon masunta. Daga ni sai Baba, yana zaune a buzunsa a gindin mangwaro, bai fi taku goma da ƙofar ɗakin ba.

Na shiga na tarar da buhu biyu. Na farko a buɗe yake, ya kusa ƙarewa, ƙwari sun huda shi har yana gari. Na biyu a cike yake, an ɗaure bakinsa da wani baƙin tsumma. Na kwance. Wake ne fari sol, manya-manya, ko ƙwaro ɗaya babu. Akwai wata farar ƙura a jikinsa, da ɗan wari kamar na kananzir. Na tsaya, wallahi na tsaya. Zuciyata ta ce in tambaya. Amma wa zan tambaya? Mutum ɗaya ne a kusa, kuma shi ne wanda ban taɓa yi wa tambaya ba a rayuwata. Ta yaya zan durƙusa gaban surukina ina maganar buhun wake? Sai na tuna na taɓa jin mutanen ƙauye na cakuɗa wake da toka don kada ya ɓaci. Na ce toka ce, warin kuma na injin ban ruwan da ke jingine a kusurwa ne. Na ƙara da cewa mai ciwon suga bai kamata ya ci wake mai ƙwari ba. Na cika baho daga buhu na biyu.

Ina fitowa Baba ya yi gyaran murya. Na sunkuyar da kai na ƙara sauri. Ya sake yi, ya fi na farko ƙarfi. Na ɗauka na wuce ta kusa da shi ne da yawa, kunya ta kama ni, na zagaya ta bayan ɗaki don kada in sake bi ta gabansa.

Sau uku na wanke waken. Na zuba daddawa, da attarugu, da albasa, da ragowar kifin jiya, da ɗan manja kaɗan, alayyahu daga ƙarshe. Ban ɗanɗana ba, don ina ramuwar azumi. Ana idar da la'asar na zuba a akushi, na ba maigidana ya kai. Daga inda nake ina hango su, tsoho da jikarsa, yana ci yana ba ta a baki, tana ture hannunsa wai yaji ya yi yawa. Na tsaya ina kallonsu ina murmushi, ina jin daɗin na iya.

Rana ta yi sanyi, aka shimfiɗa tabarmi a kan rairayi, yara suka fito daga ruwa suna rawar ɗari, aka jera faranti. Na ɗauki ludayi na fara zubawa, har na cika faranti huɗu na yara. Sai na ji wata murya da ban taɓa jin ta ɗaga ba.

“Ke 'yata! Ajiye ludayin nan!”

Na waiga. Baba ne ya fito daga ɗakin lambu, baƙin tsumman nan a hannunsa, zufa ta jiƙa rigarsa sharkaf, yawu na zuba daga bakinsa. Yana tangaɗi ya iso, ya sa ƙafa ya ture tukunyar, faten ya malale a kan rairayi. Ya dube ni ido cikin ido, karo na farko a shekara goma, ya ce, “Iri ne. Na magani ne. Kada kowa ya ci. Ku ɗauki amarya.” Daga nan ya zube.

Sai daga baya aka yi mini bayani. Tun suna ruga, duk abin da ke da guba, maganin kaskar shanu ne ko na ɓera, da baƙin tsumma ake ɗaure shi. Da suka koma noma sai irin shuka da aka barbaɗa wa maganin ƙwari ya gaji alamar. Duk wanda aka haifa a gidan ya san wannan tun kafin ya iya magana, shi ya sa ba wanda ya taɓa tunanin akwai buƙatar a gaya wa wani. Ni kaɗai ce baƙuwa, baƙuwar shekara goma.

Na tarar da 'yata a bayan bishiya tana amai, jikinta na karkarwa, idonta ya ƙanƙance. Ban san lokacin da na suri yarinyar ba, ban san inda mayafina ya faɗi ba. Aka shimfiɗa Baba a bayan motar kaya, ni ina rungume da ita a gefensa, Inna na riƙe da kansa tana salati. Hanyar da muka bi da safe muna waƙa da tafi, ita muka bi zuwa asibitin Gwarzo. Duk ramin da motar ta faɗa sai in ji kamar numfashin yarinyar zai tsaya a hannuna. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiyar ba, kuma ban taɓa tsanar kaina kamar yadda na tsane shi a bayan motar nan ba.

A asibiti suka karɓe su da gaggawa, aka yi musu wankin ciki, aka sa ruwa da allurai. Likita ya ce yarinyar ba ta ci da yawa ba, yajin da ta ƙi ne ya taimake ta. Da gari ya waye ta buɗe ido ta nemi ruwa. Baba kuwa ya cinye akushinsa tas, ga shekaru, ga ciwon da yake ɗauke da shi tun da.

Da hantsi Inna ta fito ta same ni a baranda ta ce, “Yana kiran ki.” Na ce, “Ni, Inna?” Ta ce, “Ke fa. Taso.” Na shiga na durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda na saba. Ya yi mini alama da hannu in matso. Muryarsa can ƙasa ya ce, “Yaya amarya?” Na ce da sauƙi. Ya ce alhamdu lillahi. Ya ja numfashi da ƙyar, sannan ya ce, “Na ga fitowarki da baho. Na so in ce miki daga wane buhu, bakina ya yi nauyi. Na ce in uwarku ta dawo sai ta tambaye ki, da ta dawo kuma baƙi suka ɗauke mini hankali. Ni na ga abu na yi shiru. Kada ki ɗora wa kanki.” Na fashe da kuka na ce, “Baba, ni ma na ji warin. Na so in tambaye ka, na kasa. Ka yafe mini.” Ya ce, “To, ashe mu biyu ne. Allah ya yafe mana.” Wannan ita ce hira ta farko da muka taɓa yi da shi. Kashegari bayan azahar Allah ya karɓi abinsa.

Babu wanda ya zage ni a gidan, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Kowa cewa yake kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, babu mai wuce ranarsa. Amma na san taku goma ne tsakanina da shi, kuma kalma biyar ce kawai: Baba, wannan na ci ne? Da na furta su da yau wani labarin nake ba ku. Ni da na cika wa mutane kunne da illar gishiri, ni ce na dafa guba na aika wa tsoho da 'yata a akushi ɗaya. Ba mu sake komawa bakin dam ɗin nan ba, ko maigidana bai ƙara ambaton teku ba.

'Yata yanzu shekarunta goma sha biyu, ba ta tuna komai sai cewa kakanta yana ce mata amarya. Bara da aka kawo wa autan gidan mata, kwananta uku na kama hannunta na kai ta rumbu da ɗakin ajiya, na nuna mata baƙin tsumma, na gaya mata abin da yake nufi da abin da ya taɓa ci a gidan. Na ce mata, “Ki ji kunyar kowa a gidan nan, haka ake so. Amma ranar da kika ga abin da ba ki gane ba, in da rai a ciki, ko waye a gabanki ki buɗe baki ki tambaya.” Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, kamar yadda na yi a shekarunta. Na ɗago haɓarta na ce ta amsa mini da baki in ji.

Abin da ranar nan ta koya mini ke nan. Kunya ado ce, ban daina jin ta ba, kuma ba zan so 'ya'yana su tashi babu ita ba. Amma an ce matambayi ba ya ɓata, ni kuwa sai da aka binne Baba na gane karin maganar ba ta ware suruki ba.