Ranar da Likita Ta Ce Ya Yi Lebul

Ko me zan manta a rayuwata, ban da hantsin wata Laraba a wani asibiti a nan Bauchi.

Lokacin ina tuyar masa a Yalwa, Turancina bai wuce na ciniki da ɗalibai ba. Kalmar "lebul" kuwa a wuri ɗaya na santa: ranar da mai filin da muke haya ya turo katafila, direban ya ce an sa shi ya yi lebul ɗin wajen. Kafin azahar rumfata ta koma ƙasa. Tun daga nan, in na ji lebul, to an gama da abu ke nan.

Sai hawan jini ya kayar da maigidana, aka kwantar da shi a asibitin, kullum awo na hawa yana sauka. Likitar 'yar Kudu ce, ba ta jin Hausa. Ranar ta auna shi, ta yi dogon bayani, ta shimfiɗa tafin hannunta a iska. Abin da na tsinta kawai shi ne lebul.

Na fita baranda ina salati, na ɗauko waya zan kira yayansa a Inkil in ce su taho.

Wata dattijuwa mai jinyar ɗanta a gadon da ke kusa da namu ta biyo ni, ta riƙe mini hannu. Ashe tsohuwar malamar makaranta ce.

"Ƙanwata, lafiya?"

"Yaya, ba ki ji ba? Ta ce ya yi lebul."

"Ajiye wayar nan tukuna," in ji ta. "Kalmar ba rushewa kaɗai take nufi ba. Magini in ya daidaita daɓe, lebul ya yi. 'Yan ƙwallo in sun rama ci, haka ake cewa. Jinin mijinki ne ya daidaita, ya zauna wuri ɗaya."

Ba ta tsaya nan ba, ta ja ni har gaban likitar ta sa ta maimaita, tana fassara mini. Likitar ta dafa ƙirji tana ba ni haƙuri. Maigidana ya buɗe ido ya ce, "Ke kuma kukan me kike yi? Samo mini kunu."

Yau yana nan garau, har yana zolayata da zancen. Baiwar Allahn nan kuwa ko sunanta ban tambaya ba, amma ba ta fita daga addu'ata. A wurinta na koyi in tambaya kafin in yi kuka, kuma in na ga wani ya ruɗe a kan abin da na sani, kada in wuce shi.