Yaya Azumi ƴar Kumasi, mai kamarar Ader

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa kowa zai koma idan kwanansa ya cika. A safiyar Talata, 14 ga Janairun 2025, Allah ya karɓi ran Hajiya Azumi Attahiru, mai shirya finafinai, a nan birnin Tawa, bayan jinyar ƴan makonni. An yi mata sutura bayan sallar azahar. Ta bar ƴaƴa biyu da jikoki, da ɗimbin matan ƙauye da ke kiranta tasu.

Yaya Azumi, na zauna in rubuta kuka, sai na tarar duk abin da na tuno game da ke dariya yake sa ni. To, bari in rubuta ki yadda kike.

Kowa ya san mazan Ader su ke barin gida su nufi bakin teku neman abinci. Ke kuwa daga can kika taho. A Zangon Kumasi aka haife ki, ɗiyar mai ɗaukar hoto, kuma a ɗakin wankin hoton mahaifinki kika girma. Marigayi Alhaji Garba, mai kai albasa Gana, shi ya auro ki ya kawo ki Tawa a 1986. Ni ce maƙwabciyarki ta farko, lokacin ina sabuwar malamar lakwal, wato makarantar boko. Ranar da na shiga gaishe ki, kika nuna ni kika tambayi mijinki, "Wannan yarinya, shi ne malam?" Muka kwashe da dariya, domin Hausar Zango ba ta raba namiji da mace. Har kika koma ga Allah ba ki gyara ba. In an yi miki gyara sai ki ce ai wadda kike nufi ta gane.

Da tsohuwar kamarar mahaifinki kika fara, kina ɗaukar amare da masu jego a cikin gidajen da namiji ba ya shiga. Da kamarar bidiyo ta shigo gari, kika sayar da warwaronki kika sayo ɗaya. Aka yi ta magana. Wasu suka ce wannan ba aikin matar aure ba ne. Ba ki yi faɗa da kowa ba. Kika sa mayafi kika tafi wurin limamin unguwa, kika roƙe shi ya fara kallon duk abin da kika ɗauka kafin jama'a su gani. Ya kalla, sannan ya tambaye ki ko za ki iya ɗaukar aikin yaɓen masallaci kafin damina, don ƴan unguwar da ke ƙetare su ga halin da ginin yake ciki. Daga ranar maganar ta mutu.

Da Alhaji Garba ya rasu, ƴan'uwanki suka zo daga Kumasi za su tafi da ke. Kika dafa musu dokunu, tuwon masara irin na Gana, da yaji mai sa hawaye, kika sallame su da alheri, kika ce kina da aikin da ba ki gama ba a nan.

Aikin shi ne fim ɗinki na farko, wanda kika sa wa suna "Rani Ya Ƙare", a kan matan da mazansu da ƴaƴansu suka tafi biɗa, neman abinci a ƙetare, suka daɗe. Ni kika ɗauka in riƙa yi miki tafinta, wai Hausar ƙauyen Ader ta fi ƙarfinki. Muka sauka Takanamat a lokacin hutun lakwal. Matan suka ƙi kamara ƙememe. Sai kika kulle ta a akwati, kika ɗauki taɓarya. Kika yi daka da su, kika je rijiya da su, suna yi wa dakanki dariya, kina ramawa da labarin ruwan da ke sauka a Kumasi har mutane su gaji da shi. Su da kansu suka ce ki fito da abin su gani.

Cikinsu akwai wata tsohuwa, Inna Kadidiya. Da kika nuna mata kanta a ƙaramin gilashin kamara, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Wagga tsohuwa wa ta? Ta yi kama da uwata." Da ta gane ita ce, ta gyara ɗankwali, ta ce a sake. Ta fuskanci kamara ta kira sunan ɗanta Manzo, wanda ya tafi Kumasi tun ɗiyarsa tana goye, ga ta yanzu ta isa zuwa rijiya, ba shi ba labarinsa. Ba ta yi kuka ba. Ta faɗa masa ƴar gonar da ta shuka, da akuyar da ta haihu, da yadda idonta ya fara dushewa. Ta ce, "In kana da rai, ka taho in gan ka tun ina gani."

Wani mai fim da nan zai tsaya, ya ce ya samu abin da yake nema. Ke kika ɗauki kasat ɗin kika shiga mota har Kumasi, kika nuna shi a inda Aderawa ke taruwa. Aka nemo miki Manzo yana dako a kasuwa. Ya kalli uwarsa har ƙarshe, ya ce ba zai iya komawa ba, kunya yake ji, shekara da shekaru bai tara abin da zai riƙa a hannu ba. Kin ba ni labarin amsar da kika ba shi, da Hausarki: "Inna bai ce kaya ba. Kai ya ce." A motar albasa da za ta komo wayam kuka taho tare. Ina nan a Takanamat ranar da ya sauka. Tsohuwar ta shafa fuskarsa da hannu biyu, ta ce ya rame, ta aika a yanka akuyar. Ta ƙara damina biyu a duniya, ɗanta na noma mata gona.

Bayan wannan kin yi finafinai da dama: na masu haƙar rijiya a Tebaram, na ungozomomi, na matan da ke gina duwatsu a kan fako don tare ruwa. Kowanne sai kin mayar da shi garin da aka ɗauke shi kafin ya tafi ko'ina. A amalanke ake kai injin wuta da farin zane, a kafa bayan magariba, mutane su ga kansu su yi ta nuna juna da yatsa. An gayyace ki ƙasashe, an ba ki lambar yabo, kika dawo kika rataye ta kusa da madafa. Ranar da takardunki na zama ƴar ƙasa suka fito, kina da jikoki, kika taka rawa a tsakar gida har ɗankwali ya faɗi. Ƴan matan da kika koya wa riƙon kamara, yau wasunsu da shi suke ciyar da gidajensu.

Zuwana na ƙarshe gidan likita, na same ki jiki ya yi rauni, murya ta dushe. Na zauna a gefen gado ina neman abin faɗa. Kika dube ni, kika yi alama da hannu, na matso da kunnena. Kika ce, "Koma wajen taga. Nan haske bai da kyau, ba na ganin fuskarki." Na koma, kika yi murmushi, kika ce yanzu ya yi.

Allah ya jiƙanki, Yaya Azumi. Ya yafe kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya sa zumuntar da kika ƙulla tsakanin bayinsa ta zama hujja gare ki ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƴaƴanta Habibu da Shamsiya da jikoki, ga dangin marigayi Alhaji Garba, ga ƴan'uwanta na Kumasi, da matan Ader baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya kyautata tamu idan ta zo. Amin.

Mariama Isufu, Tawa