Ruwan da Na Sha a Madadin Baƙo

Jama'a, wannan abin da zan ba ku labari ni ya faru da ni, ba a majalisa na tsinto shi ba, kuma wallahi tallahi in na ƙara masa gishiri Allah Ya tambaye ni ranar gobe. Shekarun baya na yi aikin tuƙi a wani babban otal a Kano, irin otal ɗin nan da mai gadinsa ma sai ya kalli takalminka kafin ya amsa maka sallama. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu akwai 'yan'uwa da suke cin abinci a ciki.

To a lokacin manajanmu, wani gajere mai ƙamshin turare kamar an ɓarar da kwalba, ya fito da wani tsari wai shi yawon ganin gari na musamman. Baƙo zai faɗi abin da ransa yake so ya gani, mu kuma mu ɗinka masa kamar riga. In ya ce marina yake so, a buga waya a ce wa masu rini su cire rigunan ƙwallo su sa tsofaffin kaya. In ya ce yana son ganin mata suna daka, a nemo turmi a kaɗe masa ƙura, alhali matan nan injin niƙa suke kai hatsinsu tun ban yi gemu ba. Su kuma masu kuɗin su tsaya baki buɗe suna ɗaukar hoto, wai sun ga rayuwa ta gaskiya. Kai, Allah Ya raba mu da wautar mai kuɗi.

Doka ɗaya ce manaja ba ya wasa da ita: baƙon otal ba ya shan ruwan waje. Tun da wata baturiya ta sha kunun zaƙi ta kwana tana zarya aka kafa ta. Kullum akwai kula cike da ruwan roba a bayan mota, kuma da yake ba a shiga gidan Bahaushe a fita ba a kawo ruwa ba, sai aka ce in an miƙo wa baƙo ya karɓa ya miƙa wa direba, direba ya shanye ya yi godiya, don kada a ce an raina mutane. Wato dai cikina shi ne kwatamin otal. Ni ban damu ba, ɗan ƙauye ne ni, ruwan da ban sha ba a duniyar nan kaɗan ne.

Ana nan cikin bazara sai ga wani baƙo daga Legas, matashi ne bai kai arba'in ba, Hausarsa kamar ana jan akuya zuwa kasuwa. Mu dai Yallaɓai muke ce masa, shi kuwa bai taɓa tambayar sunana ba, direba kawai. Ina tsaye a ofishin manaja ya faɗi buƙatarsa, yana faɗa yana dariya. Wai mahaifinsa, Alhaji Sale, mutumin wani ƙauye ne a bayan Utai ta ƙasar Wudil. Ya tafi kudu tun yana saurayi ya yi arziki, ya ce wa surukansa shi maraya ne. Rannan uwarsa ta yi tattaki har ƙofar gidansa, ya leƙo ta taga ya ce wa mai gadi bai san ta ba. Ta roƙi ruwa ma ba a ba ta ba. Ta ce a gaya masa ita ba ta sha ruwan gidansa ba, amma shi sai ya zo ya sha nata kafin ta yafe. To da ciwon ajali ya kama Alhajin, ba abin da yake kira sai ruwa, a ba shi ya sha ya ce bai ji komai ba, har ya kama hannun ɗan nasa ya bar masa wasiyya: ya je gidan kakarsa ya sha ruwan randarta a madadinsa, ya roƙa masa gafara.

Ni da na ji haka sai na yi salati a raina. Shi kuwa gogan naka ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ni fa ban yarda da waɗannan abubuwan na mutanen ƙauye ba, mamana ce ta dame ni. Kawai ku shirya mini, in je in yi hoto in tura mata. Amma ruwan ya zama mai tsabta fa."

Manaja har da rusunawa, ya ce ai wannan shi ne aikinmu. Yana fita ya kira Ɗanliti, wani dillalin shanu a Wudil wanda shi ne mai samo mana ƙauye duk lokacin da muke buƙata. Ko neman ainihin gidan ba su yi ba. Manaja ya ce kakar nan ai ta daɗe da zama ƙasa, a samo kowace tsohuwa a koya mata ta ce ita maƙwabciyar marigayiyar ce, ita ta gaji gidan da randar, sannan a sayi sabuwar ƙwarya a juye ruwan roba a ciki. Kun ji fa, gafarar uwa ce za a haɗa kamar shayi.

Ranar Juma'a muka tafi, ranar kasuwar Wudil, don wai ya haɗa da ganin shanu. Tun daga gada cunkoso ya riƙe mu, tireloli da 'yan koli da masu kifi, shi kuwa yana baya cikin sanyin mota ya toshe hanci da hankici duk da gilas a rufe yake. Na kira Ɗanliti ya ce in wuce Utai, in na ga wata babbar tsamiya in saki hanya in yi dama, gidan farko mai randa a ƙofar zaure, suna nan suna jira. Ina ajiye waya sabis ya ɗauke.

Na ga tsamiya, na yi dama, na ga gida mai randa. Rana tsaka ce, ana shirin tafiya masallaci, zafi kamar a soya ƙwai a kan mota, amma wurin shiru, ko kaza babu, kuma babu Ɗanliti babu babur ɗinsa. Na ce a raina ɗan banzan ya tafi cinikin saniya ya bar ni da aiki. Na yi sallama, aka amsa, sai ga wata tsohuwa a zaune a kan tabarma a bakin zaure, 'yar ƙarama, da baƙin zane ta yafa har ka. Ni dai na rantse lokacin da na tsayar da mota ban ga kowa a wurin ba, amma na ce ƙila hasken rana ne ya kashe mini ido.

Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, ya gida, ya zafi, ya ƙarfin jiki, tana amsawa a hankali amma idonta na kan Yallaɓai. Shi kuwa yana tsaye ƙerere da baƙin tabarau, sai da na ja masa ƙafar wando ya ɗan rage tsawo. Ya ce, "Mama, kin san Alhaji Sale?"

Sai ta kawar da kai gefe ta ja mayafi ta rufe baki. Can ta ce, "Yaron nan ne ya aiko ka?"

Na ce a raina, kai, Ɗanliti ya iya zaɓe, wannan ai ta fi 'yan fim. Ta miƙe ba tare da ta dafa ƙasa ba, ta buɗe randa ta ɗebo ruwa. Da na hango ƙwaryar sai na ga ba sabuwa ba ce, tsohuwa ce baƙa wuluk har da ɗinki a gefe, ruwan kuma ba na roba ba ne, ruwan randa ne sosai mai ɗan duhu, da saiwar jema tana yawo a kai, ƙamshinta har inda nake. Ta miƙa masa da hannu biyu, hannuwan suna rawa, ta ce, "Sha, ɗan nan. Na daɗe da ajiye shi."

Ya karɓa da 'yan yatsu kamar an ba shi kashin kaza. Ya leƙa ciki ya yamutsa fuska, ya miƙo mini waya ya ce in ɗauka. Ya kai ƙwaryar kusa da baki, ya lumshe ido kamar mai addu'a, na ɗauka, ya duba ya ce in sake ta wancan gefen. Wallahi leɓensa bai taɓa ruwan nan ba. Na ce masa ƙasa-ƙasa, "Yallaɓai, ko kurɓi ɗaya ne ka daure, don shi fa ka zo." Ya ce da ni ba wannan aka yi da manaja ba, in yi aikina. Ya dangwara mini ƙwarya a hannu.

To ni me zan yi? Aikina ke nan, kuma ga tsohuwa tana kallo, ba a mayar da ruwa. Na yi bismillah na kafa kai. Jama'a, ban taɓa shan ruwa irin wannan ba, sanyinsa har cikin ƙashi, na ji kamar an sauke mini wani kaya daga ƙirji wanda ban ma san ina ɗauke da shi ba, sai ga hawaye yana zubo mini ba dalili. Na shanye tas.

Tsohuwar ta karɓi ƙwaryarta ta kife a bakin randa. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce, "Wanda ya sha ya sha. Ka ce wa yaron nan na ba da, ba a karɓa ba."

Yallaɓai ya ce, "Ai ya rasu, Mama."

Ta ce, "Na sani. Ƙishirwarsa ce ta hana ni kwanciya."

Shi bai ma fahimci Hausar ba, yana can yana duba hoto. Ni kuwa na ce mu tafi, na ja mota ko madubi ban kalla ba.

Muna hawa kwalta sabis ya dawo, waya ta hau ruri. Ɗanliti ne, yana ta masifa, wai ina na shiga tun ɗazu, tsohuwarsu ta gaji da zama har ta fara gyangyaɗi, ruwan roba ya yi zafi a ƙwarya. Na ce ai mun je mun dawo. Ya ce wane gida? Na kwatanta masa. Sai ya ce tsamiyar da yake nufi tana gaba, waccan ta farkon babu gida a wurin. Innalillahi. Na kalli Yallaɓai ta madubi, ya sa abin jin waƙa a kunne yana shan ruwan roba. Ya gama ya buɗe wani. Kafin mu shiga Kano ya tashi da duk abin da ke cikin kula, yana cewa wannan garin naku akwai zafi. Da na gaya wa manaja sai ya ce in rufe bakina, tunda baƙo ya gamsu magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Damina ta wuce, wani zafin ya dawo, sai ga Yallaɓai a otal, da ƙyar na gane shi. Ya rame, leɓɓansa sun tsattsage har da jini, ga gorar ruwa a hannu yana tsotsa kamar jariri. Ya ce ya je asibitocin waje, sun ce ba ciwon suga ba ne, ba komai ba ne. Rannan ne ya tambayi sunana, har da ce mini Malam. Ya ce don Allah in mayar da shi wurin tsohuwar nan, ko ruwan kwata ta ba shi zai sha.

Muka ɗauki Ɗanliti muka tafi. Ga tsamiya nan, ga inda na tsayar da mota, amma gida babu, sai kango da ciyawa ta cinye. Wani dattijo da ke gyaran gona a kusa ya ce mai gidan ta rasu tun yana da ƙarfinsa, ɗanta ɗaya tal, ɗan fari kuma auta, ya tafi kudu bai dawo ba. A nan ne abin ya faɗo mini. Da maƙwabciya ce ai da ta kama sunan Sale kai tsaye. Wace ce take kawar da kai in an ambaci sunan mutum, ta ce yaron nan, in ba wadda ta haife shi ɗan fari ba?

Randar kuwa tana nan, rabinta a cikin ƙasa, ta tsage, ba komai a ciki sai yanar gizo. Mutumin nan da ya toshe hanci a gadar Wudil ya zube a ƙasa da shaddarsa, ya tura kai cikin randar yana lasar ƙasa yana kiran Mama, Mama. Na so in ji tausayinsa, Allah Ya sani na so, amma duk lokacin da na tuna hannuwan tsohuwar nan suna rawa da yadda ya ce in sake ɗauka ta wancan gefen, sai in ji zuciyata ta bushe. An kawo masa abin da ubansa ya mutu yana kira har bakinsa, ya mayar da shi kayan hoto. Daga ranar ban sake jin labarinsa ba, kuma ban nema ba.

Malamai sun ce matacce ba ya dawowa, na yarda, kuma ni ban ce ga abin da na gani ba. Abin da na sani shi ne tun daga ranar ban ƙara jin ƙishirwa irin ta mutane ba. Azumi ya zo cikin zafi, kowa yana lasar baki, ni nawa a jiƙe. Kuma duk ranar da na bi hanyar Utai sai in ji ƙamshin jema ya cika mini baki, sanyin nan ya sauko mini maƙogwaro. Mutane suna cewa na yi sa'a, ni kuwa tsoro nake ji, don gafarar wani na shanye, mai ita yana kwance a kabari yana jira, ban san me zan ce masa ba ranar da muka haɗu.

Don haka ku ji ni da kyau. In kun shiga gidan mutane aka miƙo muku ruwa, ku yi bismillah ku sha da bakinku, kada ku ba wani. Wanda kuma uwarsa take raye, ya tashi yau ya je ya sha ruwan randarta tun tana iya miƙo masa.