Ranar Da Na Ƙirga Bishiyoyi A Bayan Paiko

Mun tashi da asuba daga unguwar Fadikpe a Minna, ni da 'yata mai karatun ilimin halittu a jami'ar da ke Bosso, da ƙanena da ya ɗauke mu a motarsa. Dajin da ta fara binciken kammala karatunta a ciki, masu gawayi sun share shi, malaminta kuma ya ce in ba sabon awo, sai baɗi. Shi ya sa na rufe shagona na Kasuwar Kure na raka ta.

Ramukan hanya sun girgiza mu har kunun cikinmu ya sake damuwa. Doya kuwa arha a bakin titi, ƙanena ya cika bayan mota tun ba mu isa ba.

A wani ƙauye bayan Paiko, wani dattijo Bagware ya yi mana jagora. Wuri biyu 'yata za ta gwada, mun fara da gonar bishiyar malaina. Muka ja igiya muka kewaye fili, ina ƙirgawa tana rubutawa. Ganin bishiyoyi reras, na ce ai nan ne zai ci gasa. Ta yi dariya.

"Mama, lissafin ba yawa kaɗai yake dubawa ba. Iri nawa ne, kuma wani bai danne sauran ba?"

Daga nan muka shiga kurmin da dattijon ya ce kakanninsu sun hana sa masa gatari. Sanyi ya tarbe mu. Ga ɗorawa, ga kaɗanya, kanya, ɗinya, maɗaci, da wasu da sai da ta tsinki ganyensu don a duba a makaranta. Cinnaka suka shige wandon ƙanena, ya yi rawar da ko a bikinsa bai yi ba.

A gindin tsamiya ta zuba alƙaluman a wayarta. Gonar malaina mai iri ɗaya tal ta tashi kusan sifili, kurmi ya yi mata fintinkau. Sai ji na yi ta rungume ni. Dattijon ya tambayi me wayar ta ce.

"Baba, ta ce dajinku lafiyarsa ƙalau."

Ya ce to a maimaita wa samarin gari, tunda sun fi jin maganar waya.

Da magariba muka shigo Minna, ƙafafu duk ƙaiƙayi, daga baya kuma malaminta ya karɓi aikin. Na koyi cewa yawa daban, wadata daban. Yanzu ko keke na hau, sai in tsinci kaina ina ƙirga bishiyoyin bakin titi, ina jin haushin yadda dogon yaro ya cinye gari.