Guzurin Inna

Shekarun farko na mulkin kai, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Dogon Dutsi, aka zaɓe ni in je Paris ƙaro ilimi. Na hau keke na tafi ƙauyenmu Kieshe na gaya wa Inna, mahaifiyata. Abu ɗaya ta tambaya: "Tahiyar kwana nawa ta?"

Na ce jirgin sama ne. In mun tashi Yamai da safe, kafin magariba mun sauka.

Ta yi mini kallon da take wa mai tallan maganin ƙarfi. A wurin Inna nisa da guzuri ake auna shi. Mahaifinta ya yi fataucin goro a ƙasa, ta san abin da ake daka wa mai zuwa Sakkwato da abin da ake daka wa mai zuwa Gwanja. Ƙasar da ta fi Gwanja nisa kuwa a ce wuni guda? "Kana lallashina ne don kar in yi kuka," in ji ta. "Yunwa ba ta kashe mini ɗa bisa hanya."

Mako guda turmi bai huta ba. Garin gero soyayye, ƙuli-ƙuli, kilishi, yaji, busasshiyar kuɓewa, har buhu ya cika.

A filin jirgin Yamai aka ɗora kayana a sikeli, aka ce sun yi yawa, sai in rage. Na tsaya ina duban akwatin littattafaina da buhun Inna. Haushi ya kama ni, kunya kuma ta fi haushin, don ga Turawa a layi, buhun yana ta ƙamshin daddawa. Amma na kasa barinsa. Na bar wa wani abokina rabin littattafan.

Maganata ta tabbata. Babbar motar da ta kai ni Yamai cikin laka ta fi jirgin daɗewa. Ko ƙuli ɗaya ban taɓa ba muka sauka.

Sai dai sauka daban, isa daban. Abincinsu ya ƙi wuce mini maƙogwaro, sanyi ya shiga ƙashina, ba wanda ke gaishe ni a hanya. Kowace safiya sai in dama garin nan da ruwan zafi in sha, in ji kamar ina tsakar gidanmu. Ranar da na kakkaɓe buhun, na riga na yi abokai, na iya cin cukunsu mai wari, har ina nuna wa baƙi hanya.

Da na dawo, ko zama ban yi ba Inna ta ce, "To, guzurin ya kai ka?"

Na ce, "Ya kai ni, Inna. Sai da sanyi ya wuce ya ƙare."

Ta juya wajen ƙanwarta tana murmushi. "Kin ji ko? Wata huɗu yaron ga na bisa hanya, shi ko yac ce mini wuni guda."

Ban gyara mata ba.